Sayayyar Gwamnati a Sakkwato: Farashin Ranar Saye da Wanda Ake Biya Daga Baya

Babu attajiri ko kamfani a Jihar Sakkwato da ke sayen kaya iri-iri kamar gwamnati. In aka haɗa ma'aikatun jiha da ƙananan hukumomi 23 da cibiyoyin tarayya da ke nan, irin su jami'a da asibitin koyarwa da barikokin tsaro, za a tarar suna sahun gaba wajen sayen dizal, siminti, takarda, kujerun makaranta, motoci, injinan ban ruwa, hatsin ɗalibai, har da itacen girki. Mai saye irin wannan kasuwa ce ke bin sa. Abin da ya ce yana so, shi ɗan kasuwa zai cika shago da shi, abin da ya daina karɓa kuwa sannu a hankali sai ya ragu a kanta.

Mu da muke bakin hamada ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan lalacewar muhalli. Mun ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mun ga yadda ruwan madatsar Goronyo ya ja baya a 2018 har hankalin kowa ya tashi, kuma duk wanda ke bin hanyar Illela ko Gada ya san yadda daji ke yin fili. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, kaso mai yawa na wannan al'amari a ofis ake yanke shi, a kan takardar da ake rubuta siffar kayan da gwamnati za ta saya, tun kafin a buga tallar kwangila. Wanda ke riƙe da alƙalami a ranar yana yanke hukunci kan yawan man da za a ƙona da yawan itacen da za a sare na shekara goma masu zuwa, kuma sau da yawa bai san ya yi hakan ba.

Dokar sayayyar gwamnatin tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar kula da sayayyar gwamnati, BPP, ita ce uwar dokokin da jihohi suka kwaikwaya, har da tamu. Ƙa'idarta ita ce a yi gasa a fili, a ba wanda farashinsa ya fi sauƙi daga cikin waɗanda kayansu suka cika sharuɗɗan da aka gindaya. Jama'a da ma wasu ma'aikata rabin farko kawai suka riƙe, wato mafi araha shi ke cin kwangila. Rabin na biyu ne ke ɗauke da ƙarfin duka. Dokar ba ta ce a sayi mafi araha a duniya ba, ta ce mafi araha cikin waɗanda suka cika sharaɗi, sharaɗin kuwa ma'aikatar da ke saye ce ke rubuta shi. In ta rubuta "na'urar sanyaya ɗaki guda 50" ta yi shiru, to ɗan kwangila zai kawo wadda ta fi shan wuta, domin ita ce ta fi araha, kuma bai yi laifi ba. In ta rubuta iyakar wutar da na'urar za ta ci, da irin iskar sanyaya da ke cikinta, da shekarun garanti, gasar za ta koma tsakanin kaya masu kyau kaɗai. Wannan ba ya jiran sabuwar doka daga majalisa. Ƙofar a buɗe take tun 2007.

Bari mu yi lissafi da wannan na'ura, domin ita ce ta fi cin mai a ofisoshinmu daga Maris zuwa Yuni, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Matsakaiciyar na'ura ta tsohon yayi, in ta yi awa 8 tana aiki, tana cin wutar da ta kai kusan yunit 10 a rana. Janareta mai aiki da dizal yana ba da kusan yunit 3 daga kowace lita. Ke nan na'ura ɗaya tana shanye fiye da lita 3 a wuni. In a ce ta yi kwana 200 a shekara a kan janareta, ta sha lita 600. Da farashin da dizal ya haura naira 1,000 a 'yan shekarun nan, man shekara guda ya kai ko ya wuce kuɗin da aka sayi na'urar kanta, ga hayaƙin da ya kai tan ɗaya da rabi na iskar da ke ɗumama duniya, tunda kowace lita tana fitar da kusan kilo 2.6. Na'ura mai inbata, wato wadda ke rage gudun injinta in ɗaki ya yi sanyi, ta fi tsada ranar saye, amma takan rage cin wuta da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bambancin kuɗin yana dawowa cikin shekara ɗaya ko biyu, sauran shekarun duk riba ce ga baitulmali. Duk Basakkwacen da ya taɓa riƙe doki ya san kuɗin saye shi ne ƙarami, harawa da dawa da kanwa su ne ke nuna ko mutum ya isa ya ɗaure shi.

To me ya hana gwamnati yin wannan lissafi mai sauƙi? Ba rashin masu ilimi ba ne. Tsarin kasafin kuɗi ne ya raba mai saye da mai biya. Kuɗin sayen kaya yana fitowa daga kason manyan ayyuka, sau da yawa daga hedikwatar ma'aikata ko ofishin da ke sayayya a dunƙule. Kuɗin mai da gyara kuwa daga ɗan abin gudanarwa na wata-wata yake fitowa, wanda ke hannun shugaban makaranta ko jami'in asibitin karkara. Wanda ya yi sayayya ana yaba masa don ya rage miliyoyi ranar buɗe tenda, wanda aka kai wa kayan kuma shi ne zai yi shekaru yana faɗi-tashin neman kuɗin mai, in ya gaza a rufe injin a ɗaki. Odita ma in ya zo, rasit yake dubawa da farashin kasuwa na ranar, babu layin da ke tambayarsa nawa kayan suka ci bayan shekara biyar. Babban misalin da kowa ya sani a nan shi ne tashar wutar lantarki ta jiha mai ƙarfin megawat 38, wadda aka ba da aikinta a 2008, ta kuma haura shekara goma ba ta soma ba jama'a wuta ba. Ɗaya daga cikin tambayoyin da suka yi ta bin ta ita ce tsadar man da za ta riƙa ƙonawa. Tambayar da ta kamata a amsa kafin a sa hannu ce ta zama abin tattaunawa bayan an kafa injina.

Inda abin ya fi taɓa zuciyata shi ne itace. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na gaba-gaba a shirin dasa itatuwa don tare hamada, wato Babbar Koriyar Ganuwa, wanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2015, tana kuma cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 da dala miliyan 700 don farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa. Ana renon dashe, ana biyan masu ban ruwa, ana kafa shinge don kada awaki su cinye. Amma ka leƙa bayan kicin ɗin makarantar kwana, ko gidan gyaran hali, ko wani babban asibiti, sau da yawa tsibin itace za ka tarar, wanda aka saya da kuɗin gwamnati ta hannun ɗan kwangilar abinci. Ma'aikata ɗaya tana biya a dasa, wata tana biya a sare, kuma duka biyun suna bin ƙa'ida. Itacen da ya yi shekara talatin yana girma a dajin Gundumi ko can yankin Tangaza, a mako guda ake ƙona shi a ƙarƙashin tukunyar tuwo.

Murhun duwatsu uku da ake girki da shi a irin waɗannan wurare yana kai kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai na zafin wutar ga tukunya, saura iska ke kwashewa. Ginannen murhu mai rufaffen ciki da bututun hayaƙi yana iya rage itacen da rabi ko fiye, kuma magina na gida za su iya gina shi da tubali da ƙarfe. Ba ma sai an je nesa neman ilimin ba. Cibiyar binciken makamashi da ke jami'armu ta Sakkwato tun farkon shekarun 1980 take aiki kan ingantaccen murhu da hasken rana da iskar gas daga kashin dabbobi. Ita ce ta kafa wutar sola a ƙauyen Kwalkwalawa da injin iska a Sayya Gidan Gada tun lokacin da mafi yawan mutane ba su taɓa ganin faifan sola ba. Abin da ya rage shi ne mai saye da zai ce yana son guda ɗari biyu. Bincike ba ya fita daga harabar jami'a sai ya samu kasuwa, kuma kasuwar farko a irin wannan abu gwamnati ce. Ga kuma matan da ke tsaye kan waɗannan tukwane tun asuba, idanu na hawaye, ƙirji na shaƙar hayaƙi shekara da shekaru. Lafiyarsu ma farashi ce, sai dai ba a rubuta ta a takardar kwangila.

A nan gyaran ba mai wuya ba ne. A raba kuɗin makamashi da kuɗin abinci a kwangilar ciyarwa don a san nawa ake ƙonawa, a gina murhun tukuna, sannan a sa iyakar itacen da za a biya gwargwadon yawan ɗalibai. Makarantun cikin birni da kewayensa, inda ake samun gas ba tare da wahala ba, a mai da su kan gas. Waɗanda ke nesa a fara da murhu, domin tukunyar gas da babu mai cika ta za ta koma ajiya, masu girki su koma duwatsu uku.

Sai dai akwai wani kuskure da ya fara zama ruwan dare, wato ɗaukar cewa duk abin da aka kira sola ya tsallake tambaya. Fitilun kan titi da rijiyoyin burtsatse masu sola sun cika garuruwanmu, daga na gwamnatin jiha zuwa na ayyukan mazaɓu, kuma kowa ya san layukan da suka yi haske watanni kaɗan suka mutu. Dalilan sanannu ne ga masu sana'ar. Batir mai dalma a digiri 25 ake auna tsawon ransa, kuma duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 yana rage ransa da kusan rabi. Ka sa shi cikin akwatin ƙarfe a tsakiyar ranar Afrilu a Sakkwato ka ga abin da zai rage. Faifan sola shi ma ƙarfinsa yana raguwa in ya yi zafi, ƙurar hunturu kuma tana rufe fuskarsa, in ba mai gogewa sai batir ya riƙa kwana bai cika ba har ya lalace. Kayan da aka tsara don ƙasar sanyi ba zai yi mana abin da aka rubuta a kwalinsa ba.

Daga nan sai tambayar ina mataccen batir ke zuwa. Yawanci hannun masu gwangwan yake faɗawa, a fasa shi, a zubar da ruwan a ƙasa, a narke dalmar a fili. Mu maƙwabtan Zamfara ne, mun san abin da dalma ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Can daga duwatsun zinariya ta fito, amma dalmar batir ita ce dai wannan guba, kuma ba ta ruɓewa a ƙasa. Sayayyar da ta rage hayaƙin janareta ta bar tsibin batir a bayan gari ba ta kare muhalli ba, ta sauya wa cutar mazauni ne kawai.

Maganin yana cikin yadda ake ƙulla kwangilar. Yanzu abin da ake saye shi ne turke da faifai da batir, a ƙaddamar, a biya, ɗan kwangila ya kama gabansa. Abin da ya kamata a saya shi ne haske: fitila kaza za ta riƙa ci awa kaza kowane dare har shekara biyar, a riƙe wani kaso na kuɗin ana sakinsa shekara-shekara gwargwadon waɗanda aka ƙirga suna aiki. Ranar da ɗan kwangila ya san ragowar kuɗinsa na rataye da fitilar, shi da kansa zai zaɓi batirin litiyam mai jure zafi, ya ɗauki yaran unguwa aikin goge faifai, ya ajiye kayan gyara a gari. A ƙara masa sharaɗin karɓar tsohon batir ya kai wa masu sarrafa shi da hukumar kula da dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta sani, ya kawo shaida. Haka ma dogayen ƙwayayen lantarki na da masu zaiba a ciki, in an sauya su da ƙwayayen LED masu tsimin wuta kada a watsar da su a juji.

Gine-gine ba sai na daɗe a kansu ba. Ajin da aka yi wa rufin kwano ba sili, tagoginsa na kallon gabas da yamma, babu ko dogon yaro ɗaya a harabarsa, tun daga zane aka yanke masa hukuncin zafi. Juya ginin, ɗaga rufin, faɗaɗa baranda, da sa dashen itatuwa da renonsu na shekara biyu cikin kuɗin aikin, duk ba su kai komai ba in aka gwada da kuɗin sanyaya ginin har tsawon ransa. Siminti kuwa, ko da yake a Kalambaina muke yin sa, sarrafa shi na fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, saboda haka ginin da ya yi shekara hamsin ya fi wanda za a rushe a sake bayan goma sha biyar ta kowace fuska.

Akwai kuma batun sayen na gida. A 2017 Mukaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu kan umarni na 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da ma'aikatun tarayya ke kashewa kan kaya irin su yunifom da takalma, abinci, kujeru, kayan rubutu, magunguna da kayan gini ya tafi ga waɗanda aka yi a Najeriya. Ga jihar da fatar jar akuyarta ta yi suna har Turai tun zamanin fatake, wadda ke da albasa da shinkafa da gero da kafintoci a kowace unguwa, wannan dama ce. Kujerar da kafintan Sakkwato ya yi, in ta karye shi zai gyara ta, wadda aka yo oda daga nesa kuwa in ta karye sai juji. Brazil ta sa doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da ɗalibai a sayi amfanin ƙananan manoma da shi, kuma babu abin da ya hana a gwada irin haka da manoman Wurno da Kware da Goronyo. Amma kada mu ruɗi kanmu, na gida ba kullum ne mai tsabta ba. Majemar da ke zubar da ruwan sinadari a kwata ta gida ce, itacen da ake sarewa ma na gida ne, katakon madobiya da aka yi wa kisan kiyashi a dazuzzukan ƙasar nan har aka sa shi cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya shi ma namu ne. Sharaɗin asali da sharaɗin tsabta tare za su tafi. Kuma ƙaramin mai sana'a ba zai shiga gasa ba muddin za a riƙe masa kuɗi wata shida. Biyan kuɗi a kan lokaci da rarraba babban aiki zuwa rukunai a fili, tun a cikin talla, su ne za su shigo da shi.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Jihar da ke fama da 'yan bindiga a gabashinta, da talauci, da yaran da ba sa zuwa makaranta, ina ta ga sararin zaɓen irin ƙwan lantarki? Amsata ita ce mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi buƙatar kada kuɗinsa su tafi a hayaƙi. Kowace lita da aka rage a sakatariya kuɗin alli ne da magani. Damuwa ta biyu ta fi wannan ƙarfi: a tsarin da ba a gama tsarkake shi daga son kai ba, sharaɗin muhalli na iya zama sabuwar ƙofar cuwa-cuwa. A rubuta siffar da kamfani ɗaya kaɗai ke da ita, a kori saura da sunan kare muhalli, a ninka farashi. Wannan haɗari ne na gaske, kuma ba a tare shi da kyakkyawar niyya. Ana tare shi ne da sharaɗin da ake aunawa da lamba, kamar yawan wutar da kaya ke ci ko shekarun garanti, wanda aka wallafa tun kafin a san masu neman aikin, iri ɗaya ga kowace ma'aikata, ba tare da ambaton sunan kamfani ba. Kalmomi irin su "mai inganci" ko "mai kyautata muhalli" da babu lamba a bayansu, su ne mafakar mai son zuciya.

Tsadar ma ba dawwamammiya ba ce in mai saye babba ne. A Indiya, lokacin da wani kamfanin gwamnati ya soma sayen ƙwayayen LED miliyoyi a dunƙule, farashin guda ya faɗo daga kusan rufi 310 a 2014 zuwa ƙasa da 40 cikin shekara uku. A Amurka, umarnin da Shugaba Clinton ya bayar a 1993 cewa ma'aikatun tarayya su sayi kwamfutoci masu tsimin wuta kaɗai ya sa masu ƙera su suka gyara kayansu ga kowa, domin ba wanda zai so ya rasa ciniki mafi girma. Sakkwato ba Indiya ba ce, amma in ta haɗa buƙatun ma'aikatunta wuri guda, ko ta haɗa kai da Kebbi da Zamfara waɗanda zafinmu da ƙurarmu ɗaya ne, odar za ta isa ta sa dillali ya buɗe wurin gyara a nan ya horar da yaranmu.

Alkawura a sama ba su yi ƙaranci ba. Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, ta ɗauki alkawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take kawarwa ba, majalisar zartarwa ta tarayya kuma ta amince a 2024 a daina amfani da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatun tarayya. Abin da ba ya saukowa shi ne takarda mai shafi biyu da jami'in sayayya zai ɗauka ya kwafa. A ganina ofishin tantance kwangiloli na jiha ya zauna da injiniyoyin cibiyar makamashi ta jami'a da ma'aikatar muhalli, su fitar da siffa guda ta kaya huɗu kawai don farawa: na'urar sanyaya ɗaki, ƙwan lantarki, kayan sola da batirinsu, da murhun makarantu. A horar da jami'an sayayya da masu kula da sito yadda za su gane kayan ranar karɓa, domin a bakin sito ne ake musanya mai kyau da maras kyau. Shugaban makaranta ko asibitin da ya rage cin mai a bar masa wani kaso na rarar ya yi gyara da shi, in ba haka ba babu dalilin da zai sa ya wahalar da kansa. Sannan kowace ma'aikata in ta zo kare kasafinta a gaban majalisar dokoki, ta zo da lambobi biyu da a yanzu ba a cika tambayarta ba: lita nawa na dizal ta ƙona bara, mota nawa na itace ta saya. Daga waɗannan lambobin ne za a san makarantar da za a fara gina wa murhu da ofishin da za a fara sauya wa na'urori a kasafin shekara mai zuwa.